Abin da Likita Yake Nema Tsakanin Bugu da Bugu

Duk wanda ya taɓa kwanciya a gadon awo ya san wannan shirun. Likita ya ɗora bakin abin sauraren ƙirji a gefen hagu, ya sunkuyar da kai, wani ma har ya lumshe ido, ya yi tsit kamar ya manta da mai ƙirjin. Marar lafiya yakan ƙosa ya ce a ransa, wai me ake nema haka, alhali zuciyar nan abu ɗaya take ta maimaitawa? Ai kuwa maimaitawar ce jarin likita. Da a ce zuciya sau ɗaya take faɗin damuwarta ta yi shiru, da babu mahaluƙin da zai kama zancenta, komai kaifin jinsa. Hankalin ɗan Adam yana da iyaka a kan yawan sautin da zai iya tantancewa idan suka zo masa a jere da sauri, kuma gwanintar sauraren zuciya gaba ɗayanta dabara ce ta zama lafiya da wannan iyaka.

Mu fara da abin da ke faruwa cikin bugu guda. Zuciyar babban mutum da ke hutawa takan buga kamar sau 75 a minti, wato kowane zagaye bai cika sakan ɗaya ba, milisakan 800 ne, idan muka raba sakan gida dubu. Zuciya tana da ɗakuna huɗu da ƙyamare huɗu masu hana jini komawa baya. Idan ɗakunan ƙasa suka fara matsewa, ƙyamare biyu da ke tsakaninsu da ɗakunan sama sukan rufe, a ji sauti na farko. Bayan kamar milisakan 300, jini ya fita, sai ƙyamare biyu na bakin manyan jijiyoyi su rufe, a ji sauti na biyu. Sauran lokacin zuciya tana cika ne. Waɗannan biyun kowa zai iya jinsu, ko da kunne ya kara a ƙirjin ɗansa.

Aikin yana cikin abin da ke maƙale da su. Sauti na biyu a haƙiƙa tagwaye ne: ƙyauren jijiyar da ke kai jini ga jiki shi ke fara rufewa, na jijiyar huhu ya biyo shi. Idan mutum ya fitar da numfashi sukan kusan haɗewa su zama ɗaya, idan ya ja numfashi na biyun yakan ɗan makara da milisakan 30 zuwa 60, a ji sautin ya tsage. Wannan lafiya ce. Amma idan tsagewar tana nan daram, ko an ja numfashi ko an fitar ba ta motsi, likita zai fara tunanin ɓula a bangon da ya raba ɗakunan sama, irin wadda ake haihuwar yaro da ita. Akwai kuma wani ɗan sauti mai kaifi, ƙas, da kan biyo bayan na biyu da milisakan 40 zuwa 120, wanda ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan hagu ke yi idan ya ƙanƙance ya yi tauri yana buɗewa da ƙyar. Gwargwadon kusancinsa da sauti na biyu, gwargwadon tsananin ƙuncin. Sai sauti na uku, mai kauri, can ƙasa-ƙasa, wanda kan zo milisakan 120 zuwa 180 bayan na biyu, lokacin da jini ya kwararo cikin ɗakin ƙasa ya tsaya cak. Sai na huɗu, daf da na farko. Sai kuma hucin da jini ke yi idan yana ratsa ƙyauren da ya matse ko yake yoyo, wanda ma'anarsa ta dogara kacokan a kan ko ya faɗo ne tsakanin na farko da na biyu, ko tsakanin na biyu da na farko mai zuwa.

Ka dubi wannan lissafi da kyau. Sautuka uku dabam-dabam suna iya zuwa bayan sauti na biyu, ɗaya alamar lafiya, ɗaya alamar ƙyaure ya lalace, ɗaya alamar zuciya ta gaji, kuma tazarar da ta raba su ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ga shi kuma marar lafiya ba kasafai zuciyarsa ke tafiya a hankali ba. Mai zazzaɓi ko mai haki takan kai 120 a minti, zagaye ya koma rabin sakan. Ta jariri sabon haihuwa takan yi 120 zuwa 160 alhali lafiyarsa ƙalau.

Shin kunne zai iya? Kunne kam yana iyawa. A shekarar 1959 wani masani a Amurka, Ira Hirsh, ya nuna cewa tazarar milisakan biyu ko uku ta isa a ji cewa sauti biyu ne ba ɗaya ba, kuma da tazarar kamar milisakan 20 wanda ya saba zai iya faɗin wanne ya riga. Saboda haka tsagewar sauti na biyu ba ta fi ƙarfin kunne ba. Matsalar tana ɓullowa ne idan sautukan suka haura biyu suna ta zagayowa. A 1969 Richard Warren da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji a mujallar Science. Sun ɗauki sautuka huɗu da ba su da alaƙa da juna, wani fito, wani shuu, wani zizar ƙarfe da wasalin "ii", kowanne tsawon milisakan 200, suka haɗa su a zaren rikoda yana ta juyawa. Masu sauraro suna jin dukkan huɗun sarai, an kuma bar su su saurara iya son ransu, amma da aka ce su faɗi wanne ke bin wanne sai abin ya gagara, amsoshinsu ba su fi canki-canki ba. Da aka sa musu lambobi huɗu da bakin mutum ya furta a kan wannan sauri, nan take suka jero su daidai. Jin sauti daban, sanin gurbinsa a jeri daban, kuma na biyun ya dogara ne da sabo.

Gwajin da ya fi fito da ainihin abin a fili da ido aka fara shi. A 1992, a Jami'ar Calgary ta Kanada, Jane Raymond da Kimron Shapiro da Karen Arnell suka riƙa haska wa mutane haruffa ɗaya bayan ɗaya, kimanin goma a sakan. Aka ce su faɗi farin harafin da ke cikin baƙaƙe, sa'an nan su faɗi ko harafin X ya biyo baya. Idan X ɗin ya zo tsakanin milisakan 200 zuwa 500 bayan farin harafi, sau da yawa sai mutum ya ce sam bai gan shi ba. Idan kuwa aka ce ya yi watsi da farin harafin ya jira X kawai, sai ya gan shi ba wahala, alhali haruffan ba su canza ba, saurin ma bai canza ba. Suka kira abin ƙiftawar hankali. Bayan shekara biyar, a 1997, John Duncan da Sander Martens da Robert Ward suka wallafa a mujallar Nature cewa haka abin yake a ji: wanda ya tsaya tantance wata kalma da aka furta, kalma ta biyu da ta biyo ta cikin 'yan ɗaruruwan milisakan takan kuɓuce masa. Sun kuma lura da wani abu da za mu koma kansa: a gwajinsu, idan abu na farko na gani ne, na biyu na ji, ba sa tauye juna.

Abin da wannan ke nufi shi ne, tantance sauti, wato a kama shi a ce wannan kaza ne, aiki ne mai cin lokaci, kuma yayin da hankali ke kansa ƙofa a kare take ga mai biyowa. Sautin ya shiga kunne, ya isa ƙwaƙwalwa, amma bai samu mai karɓarsa ba har wani ya zo ya shafe shi. A fahimtata, wannan shi ne halin da ɗalibin likita ke shiga ranar da ya fara ɗora abin sauraro a ƙirji. Yana ƙoƙarin cewa "wannan ne na farko", kafin ya gama na biyu ya wuce. Ya juya ga na biyu, na uku ya zo ya fice a daidai lokacin da hankalinsa ke riƙe. Ga wasu wahalhalu biyu kuma da suka fito daga kunnen kansa. Sauti mai ƙarfi yakan danne mai rauni da ya biyo shi nan da nan, na ɗan abin da bai wuce milisakan 200 ba. Sa'an nan sauti na uku da na huɗu suna can ƙasan abin da kunne ke iya ji, inda jinmu ya fi rauni. Malami ya ce wa ɗalibi, "Ga shi nan ƙarara, ba ka ji ba?" ɗalibi ya ce bai ji ba, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa.

To yaya gwanaye suke yi? Tun kafin a yi waɗannan gwaje-gwaje, malaman gefen gado sun gano maganin da kansu. René Laennec ya ƙirƙiro abin sauraren a asibitin Necker na birnin Paris a 1816, da takarda naɗaɗɗiya ya fara, ya kuma fitar da littafinsa a 1819. Waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta tace hanyar, har zuwa kan irin su W. Proctor Harvey na Jami'ar Georgetown a Washington, wanda ya shafe shekaru yana koyar da ita. Tushenta guda ne: kada ka saurari zuciya gaba ɗaya. Yi mata tambaya ɗaya, ka bar ta ta amsa cikin bugu biyar ko goma, sa'an nan ka yi ta gaba. Da farko sauti na farko kaɗai: yana da ƙarfi ko rauni? Duk sauran a bar su su wuce kamar ba a yi su ba. Sai sauti na biyu kaɗai, ana bin numfashin marar lafiya: yana tsagewa, yana haɗewa? Sai a saurari gurbin da ke tsakanin na farko da na biyu, ba sautukan ba, gurbin kansa: fayau yake ko akwai huci? Sai ɗaya gurbin, farkonsa daban, ƙarshensa daban. Wannan shi ne daidai abin da aka ce wa mutanen Calgary su yi lokacin da suka daina kuskure: yi watsi da na farko, jira na biyu. Likita ya san ba zai kama abu biyu a zagaye ɗaya ba, sai ya raba aikin a kan zagaye hamsin. Abin da ke burge ni a nan shi ne horon kai da ke ciki. Sauti na farko da na biyu su ne masu ƙarfi, su ke fizgar hankali, kuma sai mutum ya koyi ƙin kula su da gangan kafin ya ji na ƙasa da su.

Har ma'aunin da likitoci ke auna ƙarfin huci da shi ya yarda da wannan. Samuel Levine na Boston ya kasa huci mataki shida a 1933, kuma ana amfani da kasonsa har yau. Mataki na shida ana jinsa ko abin sauraron bai taɓa fata sosai ba. Mataki na ɗaya kuwa, bayaninsa shi ne hucin da ba a ji da farko, sai an tsaya an tattara hankali na ɗan lokaci. Wato an shigar da hankalin mai sauraro cikin ma'aunin cutar.

Sai 'yan dabarun hannu, waɗanda kowannensu rage wa hankali kaya yake yi. Idan zuciya tana gudu, gurabun biyu sukan kusan daidaita a tsawo, a rasa gane wanne ne na farko. Sai likita ya ɗora yatsa a jijiyar wuya: sautin da ya zo tare da harbin jijiya shi ne na farko. Ya miƙa wa yatsa aikin ƙirga, ya bar kunne da aikin ji, kuma wannan ya yi daidai da abin da su Duncan suka gani, cewa gaɓoɓi biyu ba sa cin rabon juna kamar yadda sauti biyu ke yi. Akwai kuma jan abin sauraron kaɗan-kaɗan, wanda Harvey ya shahara da koyarwa: a fara daga saman ƙirji inda sauti na biyu ya fi fitowa, a riƙe shi a matsayin turke, a riƙa matsowa ƙasa taku-taku ba tare da an sake shi ba, ta yadda duk sabon sautin da ya ɓullo za a san ko gaban turken yake ko bayansa. Don sauti na uku, akan ce wa marar lafiya ya juya ya kwanta a gefen hagu, a juya abin sauraron zuwa ɓangaren da ke kama da ɗan ƙoƙo, a ɗora shi sama-sama a daidai tsinin zuciya. Idan aka danna da ƙarfi fata takan miƙe ta tace ƙananan sautuka, na ukun ya ɓace, a sassauta ya dawo. Gwani yakan yi wannan danna-saki da gangan don ya tabbatar. Don wani hucin kuma akan ce, "Baba, tashi zaune, ka ɗan sunkuyo, fitar da numfashi duka, riƙe haka." Lumshe idon ma yana cikin aikin.

Wannan duk matakin farko ne. Wanda ya daɗe a sana'ar yakan kai inda ba ya buƙatar warware kowane bugu filla-filla kafin ya san akwai magana, domin jerin sautukan ya riga ya dunƙule masa ya zama abu guda mai kamanni. Haka maroƙi ko bafade yake da taken ubangidansa: ba ya ƙirga bugun kalangu, da an ɗauko shi daga nesa ya san na wane ne. Pierre Potain, likitan Faransa, a 1875 da sukuwar doki ya siffanta kiɗan da zuciya ke yi idan ƙarin sauti irin na uku ko na huɗu ya shiga, sunan da ya ce daga malaminsa Bouillaud ya samo shi, kuma da shi ake kiran abin har yau. Hikimar ita ce, sautuka uku a jere sun fi ƙarfin hankali, amma kiɗa ɗaya bai fi ƙarfinsa ba. Dalilin da ya sa mutanen Warren suka jero lambobi suka kasa jero fito da shuu ke nan. Iyakar tana nan yadda take, abin da ake ɗora mata ne ya zama guda. Gwanin kirki kuma ba ya tsayawa a kan kiɗan. Idan ya ji sukuwa yakan koma tambaya ɗaya-ɗaya ya bincika, don sauti na uku da tsagewar na biyu da ƙas ɗin ƙyaure duk suna iya yin kama a jin farko.

Gwaninta ce mai saurin zubewa idan ba a raya ta ba. A 1997 Salvatore Mangione da Linda Nieman suka gwada ɗaruruwan likitoci masu neman ƙwarewa a Amurka da sautukan zuciya na gaske da aka naɗa, suka tarar kimanin kashi 20 cikin ɗari kawai suke ganewa. Amma ga labari mai daɗi daga Philadelphia: a 2004 Michael Barrett da abokansa suka sa ɗaliban likita su saurari kowane ɗaya daga cikin huci iri huɗu sau 500. Ganewarsu ta tashi daga ƙasa da kashi 25 zuwa sama da kashi 80. Karatun littafi bai yi wannan ba, maimaici ne ya yi. Bugu 500 kuwa, a zuciya mai tafiya 75 a minti, bai cika minti bakwai ba. Ɗalibin da ke da waya da abin sa wa kunne yau yana da abin da Potain bai taɓa samu ba.

Dole a faɗi inda kunne ya tsaya. Na'urar ɗaukar hoton zuciya ta fi shi gani nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan 'yan makaranta a Kambodiya da Mozambik ya nuna na'urar tana gano lalacewar ƙyaure, irin wadda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, kusan ninki goma na abin da awon likita ya gano. Ban ga dalilin da zai sa mai son abin sauraro ya ɓoye wannan ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce tunda na'ura ta zo, kunne ya gama aiki. Na'urar tana manyan asibitoci, tana buƙatar wuta da kuɗi da wanda ya iya ta, kuma sai wani ya fara zargin akwai matsala kafin a tura mutum gare ta.

A ƙasar Hausa wannan magana ba ta nesa ba ce. Tun shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry suka yi bayanin mata masu jego sama da ɗari biyu da suka zo asibitin koyarwa na Zariya da gazawar zuciya, kuma har yau arewacin Najeriya yana cikin wuraren da wannan cuta ta fi yawa a duniya. A wancan lokacin an alaƙanta ta da wankan jego da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki. Ko mene ne sanadi, matar da ta zo makonni bayan haihuwa tana haki, tana tari idan ta kwanta, ƙafafu a kumbure, zuciyarta tana gudu, sukuwar nan na daga cikin abin da ake nema a ƙirjinta. Kuma a nan ne sana'ar ke neman sani bayan ji, domin sauti na uku a ƙirjin yaro, ko saurayi, ko mace mai tsohon ciki, yakan zama na lafiya. A ƙirjin wanda ya haura arba'in, ko mai jegon da ke haki, magana ce dabam. Likita ko jami'in lafiya da ke ƙaramin asibiti zai kwantar da ita a gefen hagu, ya sa a yi shiru a ɗakin, ya ɗora yatsa a wuyanta, ya bar sauti na farko da na biyu su yi ta wucewa yana jiran abin da ke bayansu. Hoton zuciya ne zai tabbatar da cutar a Kano ko Zariya ko Sakkwato, amma shawarar a sa ta a mota yau ɗin nan, maimakon a ba ta maganin tari ta koma gida, da wannan sauraren ake yanke ta.